An lulluɓe mana katanga da hotunan ƴan takara: me doka ta ce?

Wani matashi daga unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, nan Nijar, ya aiko mini da tambaya. Ya ce gidansu a bakin titi yake, katangarsu doguwa ce, kuma a zaɓen 2020 sun wayi gari an lulluɓe ta da hotunan ƴan takara tun daga ƙofar gida har kwana, ba wanda ya yi musu sallama. Ƙanensa ya fito ya ɓamɓare na jam'iyya ɗaya ya bar na wadda yake so. Da la'asar samari suka zo har zaure suna nemansa, sai da dattawan layin suka shiga tsakani. Yanzu sun sake yaɓe katangar sun yi mata fenti, shi ne yake cewa: "Baba, in aka dawo zaɓe, muna da ikon cire hoton da aka manna mana? Kuma in ni ne na manna na wanda nake so aka yage, ina zan kai kuka?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambayar nan tun ana zaune ƙalau, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na yi shekaru ina aiki a ma'aikatar magajin gari, kuma an sha saka ni cikin kwamitin zaɓe na yankinmu, saboda haka rigimar afish, wadda ƴan uwanmu na Katsina suke kira fasta, na gan ta iri-iri. Kusan duk wadda aka kawo gabanmu, da an yi tambaya ɗaya take warwarewa: bangon na wane ne? Ka riƙe wannan tambayar da kyau.

Da farko ka san inda muke tsaye. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da ayyukan jam'iyyun siyasa. A watan Afrilu na 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwa aka naɗa kantomomi, sannan a watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun baki ɗaya. To yau babu kamfe, kuma duk wanda ya fita ya manna hoton takara da sunan jam'iyya a wannan lokaci, matsalarsa ta wuce ta katanga. Bayanin da zan yi maka na dokar da aka yi zaɓen ƙarshe da ita ne, wato dokar zaɓe mai lamba 2017-64 ta 14 ga Agusta 2017, wadda aka yi wa gyara a 2019. Duk ranar da aka sake kaɗa gangar zaɓe, ka nemi dokar wannan lokacin ka duba kwanakinta da lambobinta. Amma tushen maganar manna hoto daɗaɗɗe ne, dokokin zaɓenmu na baya ma a kansa suka tafi.

Abin da ta tanada shi ne, idan aka buɗe kamfe, hukuma ce ke ware wuraren manna hotuna, a garuruwan da ke da mazaunin mulki da kuma kusa da rumfunan zaɓe. Alhakin na kan wakilin gwamnati, gwamna ko perfe, kodayake a aikace mu ma'aikatan magajin gari ne muke fita da igiyar awo da gwangwanin fenti. A kowane wurin da aka ware, kowane ɗan takara ko kowane jerin ƴan takara na samun fili daidai da na abokin karawarsa. Mai kuɗi da marar kuɗi, mai mulki da ɗan adawa, awonsu ɗaya. Abin da aka manna a waje da waɗannan wurare kuwa, hukuma na da ikon cire shi. Ni dai ina ganin adalcin wannan tsari, kuma na sha kare shi gaban mutanen da suke masa kallon ɓata lokaci. In aka bar bango ga mai ƙarfi, wanda ya buga hoto dubu goma zai shafe wanda ya buga ɗari biyu, tsohuwa ta fito kasuwa ta koma gida tana zaton mutum ɗaya ne kawai ya tsaya.

Gado muka yi daga Faransa. Can tun 1914 suka kafa dokar allunan zaɓe masu faɗi ɗaya, shi ya sa har gobe in zaɓe ya matso za ka ga an jera alluna masu lamba a ƙofar makarantunsu, kowa da nasa. Mu mun ɗauko rubutun, allunan ne ba mu tanada yadda ya kamata ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Ka tuna yadda Disamban 2020 ya kasance. An yi zaɓen ƙananan hukumomi da na jihohi ranar 13, na shugaban ƙasa da ƴan majalisa ranar 27. Mutum 30 ne suka tsaya takarar shugaban ƙasa. Ko rabin mita aka ba kowannensu, mita 15 ke nan a kowane wuri, ba a ma zo kan masu neman kujerar majalisa da masu neman kansila ba. Kamfen shugaban ƙasa kuma an buɗe shi ranar 5 ga wata, tun na kansiloli bai rufe ba, sai ya zamana kowa na neman bango a mako guda. Birnin Maraɗi da gundumominsa uku, ina za a samu allon da zai ɗauke wannan duka? Abin da ya malalo daga can, shi ya sauka a katangarku. Sai dai gazawar hukuma wajen tanadin allo ba ta mayar da gidan Babanka allon kowa ba.

Kafin in zo kan katangar, ga maganar lokaci a gurguje. Kamfen shugaban ƙasa da na ƴan majalisa kwana 21 ne kafin zaɓe, na ƙananan hukumomi kwana 10, kuma duka ana rufewa da sha biyun daren jajibirin jajibiri. A 2020 ke nan an rufe daren Juma'a 25 ga Disamba, Asabar ta zama ranar shiru, aka yi zaɓe Lahadi. Hoton da aka manna kafin a buɗe, ko an rubuta masa "barka da salla" ko "muna tare da kai", doka ta san wannan dabarar, ta kira ta kamfe a fakaice, ta kuma hana. Ka yi hattara da abin da kake ji a rediyoyin tsallaken iyaka. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta ba su kwana 150 na kamfe, ta sa a rufe awa 24 kafin zaɓe, ta hana neman ƙuri'a cikin mita 300 daga rumfa. Wannan tasu ce. Na sha jin matashi ya tsaya yana ja da jandarma da dokar da ya jiyo daga Jibiya.

To, katangarku. Dukiyar Babanka ce, kamar ƙofarsa, kamar akuyarsa. Ba ɗan takarar da ke da haƙƙi a kanta sai da izininsa, kuma shirun da ya yi saboda yana barci lokacin da aka manna ba izini ba ne. Idan kun wayi gari kun ga hoto, kuna da ikon cirewa, ba sai kun nemi takardar kowa ba. Wannan ma tsohuwar fahimta ce: dokar Faransa ta 29 ga Yuli 1881, wadda ta sa tara a kan mai yage hoton zaɓe ko mai rufe shi da wani, ta tsame mutumin da ya yage abin da aka manna a kan dukiyarsa. Hankali ma abin da ya bayar ke nan. Wanda ya shigo gonarka ya yi shuka ba ka sani ba, ba shi da bakin kai ka ƙara don ka nome.

Ƙanenka fa? Ta fuskar doka ban ga laifin da za a kama shi da shi ba, tunda bangon gidansu ne. Amma da ni ne ubansa da na yi masa faɗa sosai. Cire duka yana nufin gidan nan ba ya son a ɓata masa bango, kowa zai fahimta. Cire na wasu ka bar na wasu kuwa, da tsakar rana, gaban ƴan fada, wato samarin da ke zaman hira a layi, magana ce ka yi da sunan gidanku, alhali kai ba mai gida ba ne. Ya sa Babanku cikin siyasar da wataƙila bai zaɓa ba, ya jawo wa iyayenku mata tashin hankali. Samarin da suka zo zaure su ma ba su da gaskiya ko kaɗan. Zuwa gidan mutum da barazana laifi ne mai zaman kansa, kuma da sun taɓa shi, maganar ta bar hoto ta koma ta duka da rauni, wadda dokar hukunta laifuka ta yi wa tanadi mai tsanani.

In Babanku da kansa yana son wani ɗan takara kuma ya yarda a manna, nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. In aka bi harafin doka, bangon gidanku mai kallon titi ba ya cikin wuraren da aka ware, saboda haka hukuma na iya cewa a cire. A shekarun da na yi ban ga an matsa wa mutum kan bangon gidansa ko na ofishin jam'iyya ba, ana kawar da kai. Amma ka sani kawar da kai ne aka yi, don kada ranar da aka zo cirewa ka tsaya kana cewa an tauye maka haƙƙi.

Wuraren da abin ya fi rikicewa su ne gidan gado da gidan haya. A tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci, za ka tarar da gida ɗaya, ƴaƴan mutum ɗaya, wannan yana ɗaura ƙyalle ruwan hoda, wancan kore, wani ruwan lemo, kuma katangar ba a raba ta ba. Na taɓa zama kan irin wannan: wa da ƙane, kowa na cewa bangon ubansa ne, kuma kowa ya faɗi gaskiya. Ba mu samu mafita ba sai da yayarsu ta aiko daga cikin gida cewa a cire duka, wanda ke son hoto ya kai ɗakinsa. Har yau ban ga hukuncin da ya fi nata ba. Abin da aka yi tarayya a kansa, ɗaya ba ya bayar da shi shi kaɗai. Ɗan haya kuma yana iya rataya abin da ya ga dama cikin ɗakinsa ko cikin shagonsa, amma bangon waje da fentinsa na mai gida ne, sai an tambaye shi. Tela ko mai shayi da ya bar aka shafe gaban shago da launin jam'iyya ba tare da sanin mai shagon ba, shi zai biya kuɗin mayar da shi yadda yake.

Kada ka ɗauka ɓarnar ƙarama ce. Masu mannawa da dare suna dama sitaci ko fulawa su yi kauri, wasu su zuba gam, su shafa da tsintsiya. A bangon siminti mai fenti, in ka ɓamɓare da wuƙa fentin yake biyowa. A katangar ƙasa kuwa yaɓen ne gaba ɗaya ke tasowa, ya bar rami, damina na zuwa ruwa ya samu hanya. In za ku cire, ku jiƙa takardar da ruwa ku bar ta ta sha, ku sake jiƙawa, sannan ku bi ta a hankali da ɗan katako mai faɗi. Wanda ya fi muni shi ne rubutun fenti. Hoto iska da rana za su cinye shi cikin wata biyu, amma sunan da aka rubuta da fentin mai yana nan har ɗan takarar ya canja jam'iyya, har ma ya riga mu gidan gaskiya. Ka zaga gari, za ka ga sunayen jam'iyyun da yau babu su a jikin bangwaye. Don haka in wani ya zo neman bangonku kuma Babanku ya amince, a rubuta ƴar takarda ko da layi uku ne, a gaban shaidu biyu: daga ina zuwa ina, har zuwa yaushe, kuma wa zai goge. A karɓi kuɗin gogewar tun a ranar. Bayan zaɓe wanda ya ci ba ya samuwa, wanda ya faɗi ba shi da ko dala.

Ikonka kuwa a iyakar bangonku ya tsaya, kuma wannan ne nake so ka fi riƙewa. Poton wutar da ke ƙofar gidanku ba naku ba ne, na kamfanin wuta NIJELEK ne. Itacen dogon yaro na bakin titi, bangon makarantar boko, katangar asibiti, shataletale, allon da ke nuna hanyar Ɗan Isa ko ta Zinder, duk dukiyar jama'a ce. Manna hoto a kansu ya saɓa ƙa'ida, doka ta hana amfani da kayan gwamnati wajen kamfe, amma cirewar aikin hukuma ne. Ranar da ka ɗauki tsani ka hau poto don ka yage hoton da kake ganin ba ya bisa ƙa'ida, ka zama alƙali kuma ɗan sanda a shari'ar da kake da ɓangare. Ba wanda zai yarda tsabtar gari ce ta dame ka. Ka je gundumarku ka faɗa, ko ka faɗa wa kwamitin hukumar zaɓe, CENI, na yankin. Tsabtar gari da kiyaye hanyoyi suna cikin aikin magajin gari, bisa dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010, kuma manyan alluna da ƙyallayen da ake ɗaurawa su gitta titi sai da izininsa, akwai ma harajin talla da ake biya a kansu.

Abu biyu a nan suna tayar mini da hankali fiye da siyasa. Ɗaya shi ne hoton da ake mannawa kan allon alamar hanya. Direban babbar mota da ya shigo gari da dare, baƙo ne, allon nan shi ne idonsa. Na biyu ƙyallen da ake ɗaurawa tsakanin poto da poto. Kamfen Disamba cikin hunturu yake faɗowa, iska na kaɗawa, igiya ta saki ta sauko daidai wuyan ɗan kabu-kabu, ko yaron da aka tura ɗaurawa ya taɓa waya. Ba ɗan takarar da ya kai ran yaron nan daraja.

Masallaci kuma ba sai an ja magana ba. Ba ya cikin wuraren da ake warewa, kuma dokar zaɓe ta hana kamfe da hujjar addini, ko ƙabila, ko ɓangaranci. Wannan hanin ya shafi abin da ke rubuce a jikin hoton shi kansa, haka ma zagi da ɓata sunan abokin takara. In kai ne za ka kai aiki wurin mai buga takarda, ka karanta kowace kalma kafin inji ya tashi. Har a waya ma haka ne. Hoton ɗan takara da aka sauya wa kama don wulaƙanci aka yaɗa a WhatsApp ko Facebook yana shiga ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka mayar wa hukuncin ɗauri kan ɓata suna a watan Yuni na 2024.

Yanzu rabin tambayarka na biyu. Ka manna naka aka yage. Kafin komai ka sake yi wa kanka tambayar farko, bangon na wane ne? In na wani ne kuma ba ka nemi izini ba, ba ka da ƙara, kai ne ma za ka ba da haƙuri. In a kan poto ne ko bangon makaranta, da wuya ka samu mai saurarenka, don ka je ne kana kuka kan abin da tun farko bai kamata ya kasance a wurin ba. Hoton da doka ke tsaya wa da ƙarfinta shi ne wanda ke cikin filin da aka ware wa ɗan takararka, sai wanda ke inda mai wuri ya yarda, sai allon da aka biya wa kuɗi aka karɓi takarda. Mai yage irin wannan ya lalata dukiyar wani. Mai manna nasa a kai kuma ya cinye filin da doka ta raba daidai, ko da bai yage ko kusurwa ba.

Sannan ka tabbata mutum ne ya yage. Wata shekara wakilin wata jam'iyya ya shigo mana ofis yana huci, ya ce an bi layi guda an yage musu hotuna kaf, kuma ya san yaran da suka yi, har sun fara tara nasu samarin. Na ce mu je in gani. Da muka isa sai na lura duk yagar daga ƙasa take, ba ta wuce ƙugun mutum ba, na sama lafiyarsu lau, gefen takardar kuma a tattaune yake. Muna tsaye sai ga awaki uku sun zo sun miƙe da ƙafafun gaba a jikin bangon suna ci gaba da aikinsu. Fulawar da aka dama ce take jawo su. Mutumin nan ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce a kira samarin a ce su watse. Na koma gida ranar jikina a sanyaye, don na san saura ƙiris a zubar da jini a layin nan. Ban da awaki akwai iska, akwai yara ƙanana, akwai mai ƙosai da ke neman abin ƙunshi. Yagar ƙeta ana gane ta: fuska ake nufa, ko a caccake ido, ko a shafa baƙin mai, kuma ta jam'iyya ɗaya ake bi a bar sauran.

In ka tabbata ƙeta ce, hujja za ka tara. Tun ranar da kuka manna ka ɗauki hoton wurin da waya, yadda za a gane layin da bangon. Ka ajiye rasiɗin mai buga takarda da takardar izini. Bayan ɓarnar ka sake ɗauka kafin ka taɓa komai, ka nemi mutum biyu da suka gani kuma za su yarda su faɗa. Daga nan ka kai wa wakilin ɗan takararku, shi ne ke da bakin magana gaban kwamitin zaɓe da gaban perfe ko gwamna. In asarar mai yawa ce, kamar babban allo da aka farke ko aka ƙone, a kira wusiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida, ya zo ya rubuta abin da ya gani, don takardarsa na da nauyi a kotu, sannan a shigar da ƙara a komisariya, ko wurin jandarma in a ƙauye ne. In kuwa yaran unguwa ne da ka san iyayensu, ni shawarata a fara da mai unguwa. Sarakai da masu unguwanni doka ta ɗora musu zama ƴan ba-ruwanmu a siyasa, kuma wanda ya kiyaye wannan, maganarsa na kashe wutar da takarda ba ta kashewa.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙarar yage hoto ba ta cika kaiwa ga hukunci ba. Da dare ake yi, shaidu na tsoro, kamfe kwana 21 ne, kafin a kira ku an riga an yi zaɓe. Duk da haka ka kai. Amfaninta shi ne hukuma ta san unguwar da wuta ke ci a ƙarƙashin toka, ta kira shugabannin ɓangarorin ta ja musu kunne. Sau da yawa na ga zama ɗaya irin wannan, a ofis, da shayi, ya tsayar da yage-yage a unguwa har aka gama zaɓe, saboda kowane shugaba ya san yaransa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake roƙonka da girman Allah ka guje masa shi ne ramuwa, da kuma ajiye samari su kwana gadin hoto da sanduna. Mutanenmu na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, to a kamfe zafin kan yaran talakawa yake ƙarewa. An yage muku goma kun yage ashirin, gobe su zo da gora, jibi wani ya zo da wuƙa. Yaron da aka ba ɗan kuɗin shayi don ya manna ko ya yage, shi ke kwana a komisariya, uwarsa ce ke yawo da kwanon abinci. Masu hotunan kuwa sau nawa muka ga sun haɗe a zagaye na biyu? A zaɓen 21 ga Fabrairu 2021, cikin mutum 30 biyu ne suka rage, Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, sauran da yawansu suka bi wannan ko wancan. Samarin da suka yi wa juna rauni a Disamba sun tsinci kansu a mota ɗaya a Fabrairu suna rera waƙa ɗaya, amma tabon na nan. Kariyar hoto ta gaskiya mai sauƙi ce: a manna inda aka yarda, a ɗaga shi sama da inda akuya da yaro ke kaiwa, a yi sallama da masu wurin, a ajiye wasu a gida don maye gurbi. Mai shagon da ka gaishe shi ka nemi izininsa, shi zai tsare maka hoton ba ka biya shi ba.

Bayan zaɓe kuma kwashe kayan kamfe nauyi ne a kan waɗanda suka manna, hukuma ta sa ido. Wannan ne sashen da aka fi yin watsi da shi, ma'aikatan shara na magajin gari ake bar wa, su da ba su da yawa. In har ka shiga aikin mannawa, ka shiga na cirewa, ko da a layinku kaɗai.

Ga abin da za ku yi tun yanzu da fentin ke sabo. Ku samu mai rubutun allo ya rubuta da manyan baƙaƙe a wuri biyu, kusa da ƙofa da kuma can wajen kwana: "An hana manna takarda", a ƙasa ya sa "Défense d'afficher" don kada wani ya ce bai gane ba. Ku ɗauki hoton katangar yadda take yau ku ajiye. Babanku ya sanar da mai unguwa cewa gidansa ba ya karɓar hoton kowa, ko kuma in zai karɓa, ta bakinsa kaɗai za a bi. Idan aka buɗe kamfe, kai da kanka ka taka zuwa fadojin da ke kusa da ku, na kowane ɓangare, ka gaishe su ka faɗa musu da lalama. In duk da haka aka manna, ku jiƙa ku cire duka da sassafe, ba tare da tara jama'a ba, ku naɗe waɗanda ba su yage ba ku aika wa masu su ta hannun dattijo. Ka zaunar da ƙanenka ka karanta masa wannan, ka gaishe mini da Baba.